Cin gashin Lahadi a gidan abinci a Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ɗalibai, ma'aikatan asibiti da masu ziyara a Birtaniya, musamman idan abokin aiki ko mai masauki ya gayyace su cin abincin ranar Lahadi a waje. An fara da na share fage, sannan aka gangara ga batun halal da abin da ke ɓoye a cikin kitse da romo, domin a nan ne aka fi yin tuntuɓe.

Wai mene ne gashin Lahadin nan?

Abincin rana ne na gargajiya a Birtaniya da Ayilan. A takardar abinci za ka ga an rubuta Sunday roast, wani wurin kuma Sunday lunch. Ginshiƙinsa ƙatuwar tsoka ce guda, ko kaza sukutum, da ake gasawa a tanda na awa ɗaya zuwa uku ko fiye gwargwadon girmanta. Idan ta fito sai a bar ta ta huta na minti 20 zuwa 30 don ruwanta ya zauna a ciki, sannan a yayyanka fale-fale a rarraba a faranti.

Farantin mutum ɗaya yakan ƙunshi yanka biyu zuwa huɗu na nama, gasasshen dankalin turawa uku ko huɗu, Yorkshire pudding guda, wato gasasshen kullin fulawa da ƙwai, kayan lambu kala biyu ko uku irin su karas, kabeji da koren wake, sai romo mai kauri da suke kira gravy. Babu shinkafa, babu jar miya. Romon ne ke haɗa kan komai.

Me ya sa sai Lahadi?

Ita ce ranar hutu da zuwa coci. A da, ana sa nama a tanda da safe, a dawo daga coci a tarar ya nuna, iyali su zauna tare. Waɗanda ba su da tanda a gida sukan kai nasu gidan burodi a gasa musu. Ragowar naman kuma shi ake lallaɓawa da shi a ranakun farko na mako. Yau zuwa coci ya ragu ƙwarai a ƙasar, amma zaman cin abincin bai tafi ba, sai dai da yawa sun mayar da shi gidajen abinci.

A wane irin wuri ake samunsa?

Mafi yawa a mashayar unguwa, wato pub, wadda a can take haɗa sayar da giya da sayar da abinci. Akwai waɗanda suka fi ba abinci ƙarfi, ana ce musu gastropub, kuma galibi su suka fi iya gashin, su kuma suka fi tsada. Akwai carvery, inda ake bin layi a yanka maka nama a gabanka, irin rassan Toby Carvery da ke garuruwa da yawa a ƙasar. Yadda ake yi a can yana da tambayarsa a ƙasa. Otal-otal ma na yi. Sannan a garuruwan da Musulmi ke da yawa, kamar Birmingham, Bradford, Leicester, Manchester da gabashin Landan, ana samun gidajen abinci na halal da ke yin gashin Lahadi, wasunsu ba sa sayar da giya sam.

Kada ka ɗauka kowace mashaya na yi. Duba takardar abincinsu ta Lahadi a intanet kafin ka taso, domin takan bambanta da ta sauran ranaku.

Ƙarfe nawa ya kamata in je, kuma sai na kama teburi tun kafin ranar?

Yawanci ana farawa ƙarfe 12 na rana, a ci gaba har 4 ko 5 na yamma. Wurare da dama na rubuta cewa suna sayarwa ne har sai ya ƙare, kuma da gaske suke: kuku ya riga ya ƙiyasta tsoka nawa zai gasa tun da safe, kuma ba a gasa sabuwa cikin minti 15. Naman sa ne ya fi saurin ƙarewa. Lokacin da ya fi kyau shi ne tsakanin 12:30 da 2. Wanda ya zo ƙarfe 4 sau da yawa abin da ya daɗe a ajiye zai samu, kuma an bayyana illar hakan a tambayar gane gashi mai kyau.

Ka kama teburi, ta waya ko ta shafin wurin. Ga mutum biyu, kwana biyu ko uku kafin ranar kan isa, amma wuraren da suka yi suna sukan cika tun mako ɗaya ko biyu. Idan kun kai shida ko fiye, wasu na karɓar kafin alƙalami ko lambar kati, kuma za su cire kuɗi idan ba ku zo ba. Da yawa suna ba teburi awa ɗaya da rabi zuwa biyu ne kawai. Ranar da ta fi kowace cunkoso ita ce Lahadin iyaye mata, wadda a Birtaniya ke faɗowa makonni uku kafin Ista, galibi a watan Maris.

Nawa zan tanada?

Farashi na motsi, amma a 'yan shekarun nan faranti ɗaya a mashayar unguwa a wajen Landan kan kama kusan fam 15 zuwa 20, a Landan kuma fam 20 zuwa 30, har fiye a manyan wurare. Carvery ya fi araha. Naman sa da rago sun fi kaza tsada. Harajin VAT na kashi 20 cikin 100 yana cikin farashin da aka rubuta, ba a ƙara shi daga baya.

Abin da ke kumbura kuɗin shi ne 'yan ƙare-ƙare: farin kabeji da cuku, ƙarin Yorkshire pudding, lemo, kayan zaƙi, sai ladan hidima da aka yi bayaninsa a tambayar tukuici. Ruwan famfo kyauta ne. Doka ta wajabta wa duk wurin da ke da lasisin sayar da giya a Ingila, Wales da Sikotland ya bayar idan an nema. Ka ce tap water ƙarara, in ba haka ba a kawo maka na kwalba da kuɗinsa.

Yaya ake yin oda da biya?

Tsari biyu ne. A mashayar gargajiya babu wanda zai zo teburinka: ka zauna, ka duba lambar da ke jikin teburin, ka je kanta ka faɗi abin da kake so da lambar, ka biya nan take, a kawo maka. Baƙi da yawa kan zauna tsawon lokaci suna jira saboda rashin sanin haka. A gastropub da otal kuwa ma'aikaci ne zai zo ya ɗauki oda, a biya a ƙarshe. In ba ka gane tsarin wurin ba, tambayi wanda ya tarbe ka a ƙofa. Ka riƙe kati, domin wasu wuraren sun daina karɓar tsabar kuɗi.

Wane nama ake bayarwa, kuma da me ake cin kowanne?

Huɗu ne na asali, kowanne da abokin tafiyarsa. Naman sa na tafiya da Yorkshire pudding da horseradish, wani farin haɗi da ake yi da saiwa mai zafin da ke hawa hanci, ko kuma mastad, wani haɗi mai zafi mai launin rawaya. Rago na tafiya da haɗin na'ana'a da khal da sukari. Kaza na zuwa da stuffing, wato dunƙulen garin burodi da albasa da ganyen ƙamshi. Alade na zuwa da soyayyiyar fatarsa da damammen tuffa. Talotalo ya fi fitowa a carvery da kuma watan Disamba.

A naman sa, sunan yankan na gaya maka abin da za ka samu. Topside da silverside daga cinya suke, ba su da kitse sosai, suna da araha, kuma suna saurin bushewa idan sun nuna da yawa. Sirloin da rib daga gadon baya da haƙarƙari suke, kitse ya ratsa su, sun fi laushi da tsada. A rago, cinya akan bar ta da ɗan ja a tsakiya, kafaɗa kuwa ana gasa ta a hankali na awa huɗu ko fiye har ta riƙa zagwanyewa. Ga wanda ya saba da nama nunanne sosai, kafaɗar rago ce zaɓi mafi dacewa.

Mene ne Yorkshire pudding? Abin zaƙi ne?

Babu sukari a cikinsa. Kulli ne mai ruwa-ruwa na fulawa, ƙwai, madara da gishiri. Ana zuba kitse ko mai a ƙananan gurabun gwangwani, a sa a tanda mai zafin digiri 220 har man ya fara hayaƙi, sannan a zuba kullin. Tururi ne ke tayar da shi, babu yis babu hodar tashi, shi ya sa yake fitowa da gefe dogo mai garas-garas da rami a tsakiya inda romo ke taruwa. Idan man bai yi zafi ba, ko aka buɗe tanda cikin minti 20 na farko, sai ya kwanta ya yi danƙo.

Sunan ya bayyana a littafin girki na Hannah Glasse a 1747. A lokacin ana gasa kullin ne a ƙarƙashin naman da ke juyawa a kan wuta don kitse ya ɗiga a kai, kuma a arewacin Ingila akan fara ci da shi da romo don a rage yunwa kafin nama ya iso. Wannan tarihi na da amfani ga mai kula da halal, domin har yau kuku da yawa da kitsen shanu suke yin sa. Duba tambayar abubuwan da ke ɓoye.

An kawo min naman sa ja a tsakiya, yana fitar da jan ruwa. Jini ne? Ɗanye ne?

Jan ruwan ba jinin da ke gudana a jijiya ba ne. Jinin ya fita tun a mayanka. Ruwan tsoka ne haɗe da wani sinadari mai suna mayoglobin, wanda ke ba nama launinsa, kuma yana komawa ruwan toka idan zafi ya ratsa shi. Turawan Ingila da yawa sun fi son naman sa a haka: tsakiyarsa ta kai digiri 55 zuwa 60 kawai. Nunanne sarai shi ne digiri 70 zuwa sama. A dunƙulalliyar tsokar sa ko rago, ƙwayoyin cuta a bayanta suke, kuma wutar tanda ta kashe su, shi ya sa ake yarda da jan ciki.

Idan ba ka so, faɗa tun wurin oda: well done. Gara ma ka nemi yankan bakin tsokar, end cut, wanda ya nuna da kansa kuma ya fi ɗanɗanon gashi. Idan ya ƙare, abin da kicin zai yi shi ne ya jefa yankanka a tafasasshen romo ko kasko, kuma topside da aka yi wa haka yakan yi tauri. Kaza da talotalo dabam suke: dole su nuna har ƙashi, digiri 75 a tsakiya, ruwansu garau. In ka ga ja a kaza, mayar da ita. Mai juna biyu kuma hukumar lafiya ta NHS na ba ta shawarar ta guji duk naman da bai nuna sarai ba.

Naman halal ne?

A mashaya da carvery na gama-gari, ɗauka ba halal ba ne sai an tabbatar maka. Idan wuri ya ce halal ne, tambayi wanne daga cikin naman, domin wasu kazarsu ce kawai halal, sauran ba haka ba. Tambayi kuma wa ya ba su shaida. Sanannun hukumomi biyu su ne HMC, wadda ba ta yarda a sumar da dabba kafin yanka ba, da HFA, wadda ke karɓar sumarwar da ba ta kashe dabbar. Wuraren da HMC ta tantance sukan manna alamarta a gilashin ƙofa.

Za ka ji ana cewa mafi yawan ragunan da New Zealand ke fitarwa yankan halal ne bayan sumarwa. Haka ne, amma ba kowane rago a Birtaniya daga can yake ba, kuma hakan bai ce komai a kan yadda aka dafa shi ba. Batun yankan Ahlul Kitabi da aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta yi magana a kai, malamai sun saɓa kan ko ya hau kan mayankan zamani na Turai. Wannan hukunci ne da za ka nema wurin malamin da ka amince da shi tun kafin ranar, ba a gaban ma'aikaci yana tsaye da alƙalami ba.

To idan naman halal ne, ko na zaɓi kaza ko kifi, shi ke nan?

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Nama shi ne abin da ido ke gani, amma alade da giya sun fi shiga farantin ta ƙofar baya.

Fara da kitse. Ana gasa dankalin da kitsen shanu, na agwagwa ko na dinya, wani lokaci da man alade, wani lokaci da man gyaɗa ko wani man tsiro. Yorkshire pudding ma haka. Sai romo: ana yin sa da ruwan da ya tsatso daga naman a cikin tiren gashi, da romon ƙashi, sau da yawa da jan ruwan inabi mai sa maye ko giyar sha'ir. Kicin da yawa tukunyar romo ɗaya gare su ga kowane nama, kuma mai yiwuwa ruwan tiren alade ya shiga ciki. Za a iya ce maka giyar ta ƙone a wuta. Tafasa na rage ta, amma ba ya kawar da ita gaba ɗaya. Stuffing da ke rakiyar kaza sau da yawa da niƙaƙƙen naman alade ake haɗa shi. Kabeji akan soya shi da gutsattsarin alade, jan kabeji kuma akan dafa shi da giya. Kaza ma wani kukun yakan shimfiɗa mata yankan alade a ƙirji don kada ta bushe.

Ka riƙe waɗannan kalmomi na takardar abinci. Na alade: pork, ham, gammon, bacon, pancetta, lardons, lard, crackling, chipolata, black pudding, da pigs in blankets, wato ƙananan tsiran alade naɗe da yankan alade. Na giya: red wine, ale, stout, cider, port, sherry, Madeira, brandy. Idan ka ga all the trimmings, wato duk abubuwan da ke rakiyar naman, nemi a lissafa maka su ɗaya bayan ɗaya. Tambayoyi huɗu sun wadatar: da wane kitse aka gasa dankali da pudding, akwai giya ko ruwan alade a romo, akwai alade a stuffing ko kayan lambu, kuma wuƙa da katako ɗaya ake yanka duk naman? Ka yi su ta waya ranar Talata ko Laraba da hantsi, lokacin da kuku ke da sararin amsawa. Ranar Lahadi ƙarfe 1, ma'aikacin da ke riƙe da teburi goma zai iya ba ka amsar da bai tabbatar ba, ba don mugunta ba.

Ai akwai takardar abubuwan da ke tayar wa mutane da rashin lafiya. Ba za ta nuna min ba?

Za ta taimaka ta wani gefen kawai. Doka ta tilasta wa gidajen abinci su bayyana abubuwa 14 da jikin wasu ba ya karɓa, ciki har da alkama, ƙwai, madara, gyaɗa, riɗi, kifi, mastad da seleri. Alade ba ya cikinsu, giya ma haka. Don haka takardar za ta iya zuwa fes alhali akwai man alade a dankalin. Alama ɗaya da za ka lura da ita: idan an sa sulphites a gaban romo, sau da yawa ruwan inabi ne ya kawo shi, sai ka bi ba'asi. Ga mai cutar da gyaɗa ko alkama ke tayarwa kuwa, takardar ce madogara, kuma ya faɗa wa ma'aikaci da baki.

Yaya ake yi a carvery?

Za ka ɗauki faranti ka bi layi. Mai yanka yana tsaye a gaban tsokoki uku ko huɗu a ƙarƙashin fitilun ɗumama abinci, galibi sa, talotalo, alade da gammon. Ka nuna wanda kake so, za ka iya haɗa biyu ko uku. Nama sau ɗaya ake bayarwa, dankali da kayan lambu da romo kuwa kai za ka ɗiba da kanka, kuma wurare da dama sun yarda a koma a ƙara. Gammon cinyar alade ce da aka jiƙa a gishiri, launinta ruwan hoda, kuma baƙi kan ɗauka naman sa ne.

Ga mai kiyaye halal, carvery na gama-gari shi ne wuri mafi wahala: tsokokin na jere kusa da juna, ruwansu na iya haɗuwa, wuƙa na iya tsallakawa, masu ɗiba kuma na musanya cokula. Ga wanda wannan bai shafe shi ba, wuri ne mai araha da ƙosarwa, kuma ya dace da iyali masu yara.

Idan na bar nama gaba ɗaya fa?

Kusan kowane wuri na da gashin marasa cin nama. Wanda ya fi yawa shi ne nut roast, curin da ake yi da dangin gyaɗa, garin burodi, albasa da kayan lambu. Akwai kuma kabewa ko lemar kwaɗi naɗe cikin ɓawon fulawa. Amfaninsa shi ne yana zuwa da nasa romon da dankalin da aka gasa da man tsiro. Amma rashin nama ba ya nufin rashin giya, romon marasa cin nama ma akan sa masa ruwan inabi. Tambaya ɗaya ce ta rage maka a maimakon huɗu, shi ya sa wannan ce hanya mafi sauƙi idan gayyatar ofis ce kuma ba kai ka zaɓi wurin ba.

Zama a wurin da ake sayar da giya fa?

Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake shan giya a kansa, kuma Musulmi da yawa ba sa shiga mashaya ko don abinci. Wasu na bambanta ɗakin cin abinci da wurin kanta. Idan ba ka natsu ba, ka gaya wa mai gayyatarka tun da wuri, ka kuma kawo sunan gidan abinci na halal da ke yin gashin. Mutanen ƙasar sun saba da irin wannan bayani, kuma sun fi jin daɗin a faɗa musu kafin su kama teburi.

Gaskiya ne abincin lami ne, babu yaji?

Babu barkono, babu attaruhu, babu citta. Wanda ya zo da tsammanin balangu da yajin ƙuli zai ji kamar an manta wani abu. Ɗanɗanon yana cikin gasasshen bayan naman, gishiri, masoro, ganyayen ƙamshi da romo. Zafinsa kuma yana cikin horseradish da mastad na Ingila, mai launin rawaya, wanda ke da ƙarfi sosai: fara da ɗan kaɗan a gefen faranti. Mastad na Faransa, Dijon, wani lokaci ana yin sa da farin ruwan inabi. Ka nemi ƙarin romo ba tare da jin nauyi ba, yawancin wurare kyauta suke ƙarawa, kuma gashi ba romo isasshe rabin abinci ne.

Da hagu suke riƙe cokali mai yatsu. Dole ne in bi?

Ba dole. Riƙe cokalin da dama, wuƙa da hagu, ko ka yayyanka naman tukuna sannan ka mayar da cokalin dama. Babu mai kula. Idan ka gama, jera wuƙa da cokali tare a tsakiyar faranti, ita ce alamar a ɗauke.

Ta yaya zan gane gashi mai kyau, kuma me ke lalata shi?

Dankali ne ke tona asirin kicin. Ana amfani da iri mai gari kamar Maris Piper ko King Edward, a tafasa na minti 8 zuwa 10, a tsane, a girgiza a tukunya har bayansa ya farfashe, sannan a zuba cikin kitse mai zafi a gasa a digiri 200 na minti 45 zuwa awa ɗaya. Mai kyau bayansa na ƙara idan wuƙa ta taɓa, cikinsa kuma laushi. Idan ya zo da fata mai yauƙi, an ajiye shi a rufe ne tururinsa ya jiƙa shi. Idan ya yi tauri kamar ƙirgi, ya daɗe a ƙarƙashin fitila ko an sake ɗumama shi.

Nama mai gefe a naɗe, launinsa toka daga baki har tsakiya, an yanka shi tun da wuri aka ajiye a ruwan zafi. Romon da ke sheƙi, mai gishiri da yawa, da ke yin fata nan da nan, na gari ne da aka dama da ruwan zafi. Yorkshire pudding ƙarami, kowanne kamar an buga a inji, daga firiza ya fito. Faranti mai sanyi kuma yana daskarar da kitsen rago cikin mintuna. Duk wannan ya fi faruwa bayan ƙarfe 3. Alamun wuri nagari su ne gajeriyar takardar abinci, nama kala uku ko huɗu kawai, da faɗin sunan yankan. Duba kuma makin tsafta na hukumar kula da ingancin abinci ta FSA, daga 0 zuwa 5. A Wales da Ayilan ta Arewa dole ne a manna shi a ƙofa, a Ingila ba dole ba ne, amma yana shafin hukumar. Idan abincinka ya zo da matsala, faɗa bayan loma ɗaya ko biyu, kada ka bari sai faranti ya kusa ƙarewa.

Kayan zaƙin bayan abinci fa?

Sanannu su ne sticky toffee pudding, kek mai laushi da ake yi da dabino, da apple crumble, gasasshen tuffa da ake ci da kastad. Waɗannan galibi babu matsala. Trifle kuwa, wato haɗin kek da kastad da kirim, sau da yawa da giyar sherry ake jiƙa shi, kuma duk abin da ya daskare yana rawa mai yiwuwa da jelatin aka yi, wanda yawanci daga alade ko sa yake.

Zan iya zuwa da yara? Sallah kuma fa?

Da rana yawancin mashayu na karɓar yara tare da manya, suna da ƙaramin faranti da kujerar jarirai, amma wasu kan ce yara su fita da misalin 8 ko 9 na dare. Ka sani kuma ana shiga da karnuka mashayu da yawa. Za ka iya neman teburi a ɓangaren da ba a shiga da su.

Sallah na buƙatar lissafi a lokacin sanyi. A Landan a watan Disamba, Azahar na shiga wajen 12, La'asar kafin 2, rana kuma ta faɗi kafin 4. Teburin ƙarfe 1 zai iya cinye maka lokacin La'asar idan aka yi jinkirin kawo abinci, kuma da wuya ka sami wurin sallah a mashaya. Yi Azahar da zarar ta shiga, ka kama teburin 12:30, ka kuma san masallaci mafi kusa.

Dole ne in ba da tukuici?

Idan a kanta ka yi oda ka biya, ba a sa ran komai. Idan ma'aikaci ne ya yi muku hidima a teburi, duba ƙasan takardar kuɗi: wurare da yawa, musamman a Landan, na ƙara ladan hidima, galibi kashi 12.5 cikin 100. In an rubuta discretionary ko optional, ganin dama ne, kana iya cewa a cire idan hidimar ba ta yi ba. In an riga an saka, ba sai ka ƙara ba. In ba a saka ba, kashi 10 ya wadatar. Tun 1 ga Oktoba 2024 doka ta wajabta a miƙa wa ma'aikata wannan kuɗi gaba ɗaya. Idan kuna da yawa, al'adar can kowa ya biya nasa ko a raba daidai, sai dai in mai gayyata ya faɗa ƙarara cewa shi zai biya.

Na kasa cinyewa. Zan iya tafiya da ragowar?

Ƙwarai, nemi a zuba maka a roba. Sa shi a firij cikin awa ɗaya zuwa biyu, ka ci cikin kwana biyu, ka ɗumama sau ɗaya kawai har ya yi tururi ciki da waje. Nama ya fi kyau a ɗumama shi cikin romo a kan ƙaramar wuta don kada ya bushe. Dankali da Yorkshire pudding a mayar da su tanda mai zafi na 'yan mintuna, domin na'urar ɗumama abinci tana sa su yauƙi. Ragowar dankali da kabeji kuma mutanen ƙasar kan farfasa su tare su soya a kasko washegari, abin da suke kira bubble and squeak, a ɗora soyayyen ƙwai a kai.